Bajona Ya Je Inda Ban Je Ba

Masu karatu, ku gyara zama. Waɗanda suka cika min waya da saƙon wai ina jan rai, yau ga shi nan, ku karanta ku more. Ni da abin ya faɗo wa a ka har yanzu ban gama haɗiye shi ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta injiniyancin nukiliya da radiyeshon. Na san abin da ya zo muku a rai, bari in hutar da ku: ba ma haɗa bam. Shekara huɗu da 'yan kai ina ba da wannan amsa, a mota, a shagon mai ɗinki, har gaban likitan haƙori bakina a wangale. Aikinmu lissafi ne irin wanda zai sa mutum ya yi da-na-sanin koyon ɗaya da ɗaya, sai wani ɗakin gwaji mara taga inda muke auna hasken da ido ba ya gani, wanda ke fitowa daga 'yan ƙarafan da ba su fi ƙwayar magani girma ba. Wata huɗu ya rage min in gama, kuma a kan wata huɗun nan ake duk wannan rigima.

Baba ne ya jefa ni a ciki. Mai gyaran wuta ne, shekara talatin yana hawa turke, hannunsa duk tabon waya. Wata rana ya ji a rediyo ana bayanin tashar da ke ba gari guda wuta shekara da shekaru, ya kashe rediyon ya ƙura min ido kamar ranar ya fara ganina. Da hannunsa ya cika min fom. Tun ban san ƙofar aji ba yake kirana Injiniya. Mama kuwa digiri ɗaya take jira, na ɗakin miji.

Wanda ake sa ran zai ba da wannan digirin shi ne Mai Labule. Shagon labule gare shi, kuma duk gidan da ya shiga sai ya gama auna tagogi da ido kafin ya amsa gaisuwa. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum cikin farin yadi mai guga da ƙamshin da ke riga shi shigowa. Ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. Shekara biyu yana ɗauko ni daga makaranta, bai taɓa cewa in bar karatu ba. Matsalarsa ɗaya ce, kuma tana zaune a falon gidansu a kan kujera mai cin mutum uku.

Hajiya, mahaifiyarsa, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yanta shida, mijinta ya rasu. Sunan da ta raɗa min shi ne Mai Bam. Ranar da aka fara kai ni gaishe ta, ta nuna min kujerar da ke bakin ƙofa, can nesa, muka gaisa kamar masu magana ta kan katanga. Daga baya na ji an ware kofin da na sha ruwa da shi. Hukuncinta a kaina gajere ne: macen da ke kwana cikin nukiliya mahaifarta ta riga ta soye, ita kuwa jikoki take so ba takardu ba. A nan maganar aurenmu ta tsaya cak, shekara guda ke nan.

Yanzu bari in gabatar muku da babban mai laifi. Kowane ɗalibi a sashenmu yana da bajo, ɗan abu na roba kamar akwatin ashana, da sunanka da lambarka a jiki. In za ka shiga ɗakin gwaji ka maƙala shi a ƙirji, in ka fito ka rataye shi a allon da ke bakin ƙofa. Duk bayan wata uku ake kwashe su a karanta, a ga nawa ne hasken da ya ratsa jikin kowa. Ku lura da kyau, bajo ba ya kare kowa daga komai. Mai shaida ne kawai, yana kallo yana ƙirgawa. Mai kula da su wata mata ce da muke kira Madam Dalma, saboda nauyinta a ido da kuma yadda babu abin da ke ratsa ta, ko hawaye ko roƙo. Dokarta ta farko, wadda ta sa muka maimaita kamar 'yan firamare, ita ce bajo ba ya kwana a waje.

Ranar wata Alhamis, ana gobe za a fara hutun mako guda, Mai Labule ya dame ni da kira yana bakin get. Na cire farar rigar gwaji na dunƙule na cusa a jaka, bajon yana jikinta, ban lura ba sai da muka kusa gida. Na ce a raina ba komai, in an dawo hutu zan riga kowa zuwa in mayar.

Muna shiga muka tarar da Mama a tsakar falo, waya a hannu, ido jawur. Goggo ce ta turo mata wani bidiyo, na mutane masu ƙuraje, da murya a bayansa tana cewa ƙarshen duk mai aikin nukiliya ke nan. Na yi bayani, na kawo lissafi, na kawo misali, Mama sai ƙara kuka take. Na gaji, ga yunwa, ga baƙo a zaune. Sai Shaiɗan ya miƙo min dabara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na zaro bajon daga jaka.

"Mama, kin ga wannan? Shi ke kare mu. Muddin yana jikin mutum, ko cikin injin ya shiga babu abin da zai taɓa shi."

Kukan ya ɗauke kamar an kashe famfo. Ta karɓa ta jujjuya, ta sa wa Turawa albarka, ta tashi ɗora shayi. Mai Labule ya miƙo hannu shi ma ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye ni, a hankali, ko kowane irin inji. Na ce kowanne. Har wani daɗi na ji, wai ga mai damuwa da lafiyata. An ce baki shi ke yanka wuya, ni nawa har wasa wuƙar ya yi.

Washegari na nemi bajo na rasa. Na zazzage jaka, na ɗaga kujeru, na leƙa har cikin firji. Kwana tara ina kwana da fargaba. Ranar Lahadin ƙarshen hutu saƙon Mai Labule ya shigo: "Albishirinki. Na tsinci abinki a ƙarƙashin kujerar mota." Har da jar zuciya guda uku. Ban tsaya na tambayi kaina yadda abin da na fitar a falo ya taka da ƙafarsa ya koma mota ba. An ce so makaho ne, nawa har da toshewar ƙwaƙwalwa. Litinin da sassafe na rataye shi a allo, na yi shiru da bakina, na ɗauka na sha.

Bayan mako uku Madam Dalma ta aiko a kira ni. Ofishinta ɗan tsukuku ne, fayil har rufi, fanka na juyawa tana kukan tsufa. Ba ta ce in zauna ba. Ta turo min takarda ta ɗora biro a kan layin sunana. Duk 'yan ajinmu babu wanda ya kai ɗaya. Iyakar abin da aka yarda ma'aikaci ya ɗauka a shekara guda ashirin ne. Ni, 'yar Baba, Injiniya, a wata uku na ɗauki arba'in da bakwai.

Na zauna ba da izini ba. Ta bar ni na gama zare ido, sannan ta yi min bayani da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka. Bajo yana da 'yan tagogi a ciki, kowace da abin da aka rufe ta da shi, don haka ba adadi kaɗai yake faɗa ba, har irin hasken. Wannan ba na ɗakin gwajinmu ba ne. Ta ce ko rungume ƙarafanmu na yi na kwana da su ba za su ba da wannan ba. Hasken babban inji ne, irin wanda ake yi wa masu cutar daji gashi da shi a asibiti.

"Abu uku ne," ta ce. "Ko kin shiga inda ba a aike ki ba, ko ba ki da lafiya kin ɓoye, ko wani ya sa bajonki. Wanne ne?"

Na rantse ban taɓa ko leƙa ɗakin wannan injin ba. Na amsa cewa na fita da bajon, kuma ya ɓace kwana tara. Ta cire tabarau ta kalle ni, kallon da na gwammace mari a kansa. Ta karɓi katin shigata ɗakin gwaji, ta tura ni a ɗebi jinina, ta ba ni fom guda. Kwamiti zai zauna Litinin ƙarfe tara. In na kawo bayanin wanda bajon ya zauna a jikinsa, da sa hannunsa, yadda za a iya tabbatarwa a asibitin, to laifina na sakaci ne, za a yi min horo in ci gaba. In ban kawo ba, doka ta ce adadin nawa ne. Za a rubuta shi a fayil ɗina, a hana ni ɗakin gwaji, aikina na ƙarshe ya mutu, shekara huɗu da rabi su bi ruwa.

Na koma gida da auduga a gwiwar hannu. Mama ta gani, kuma duk wanda ya san Mama ya san ba a shiga tsakaninta da labari. Ban gama faɗin arba'in da bakwai ba ta riga ta kira Goggo. Kafin la'asar adadin ya zama ɗari huɗu da saba'in a bakin dangi, kafin washegari wata 'yar'uwarmu ta kira tana tambaya ko gaskiya ne ina haske a cikin duhu. Na ce mata eh, har an daina sayen kyandir a gidanmu.

Baba ne abin ya fi taɓawa. Na ce masa kuskure ne. Ya tambaye ni kuskuren wa, na kauce wa tambayar, don amsar tana farawa da cewa na karya doka kuma na yi wa Mama ƙarya a gaban baƙo. Sakamakon jini ya fito lafiya lau, na kai masa, ya karanta ya ninke. Ya ce shi ma wutar da ta kashe abokan aikinsa biyu babu wanda ya gan ta da ido. Daga ranar ya daina taɓa abinci sai shayi, rediyon ma ya daina kunnawa.

Ni kuwa kwana biyu ina juya abin, har ƙwaƙwalwar da aka kashe wa shekara huɗu ta tuna aikinta. Na ɗauki waya na rubuta wa Mai Labule: "Ina ka kai min bajo?"

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Minti goma sha ɗaya, na ƙirga. Sai ga amsa: "Kin ci abinci?"

Na rubuta: "Na ci arba'in da bakwai, na ƙoshi. Ina ka kai shi?"

"Ga ni nan zuwa."

A cikin motarsa muka yi maganar, a ƙofar gida, gilashi a rufe, samfurin labule jibge a kujerar baya. Bai iya kallona ba, sitiyari ya yi wa bayani. Hajiya tana da cutar daji a nono. An yi mata aiki a ɓoye, lokacin da aka ce ta yi tafiya. Ko 'ya'yanta mata ba su sani ba, shi kaɗai. Da likita ya ce sai an yi mata gashi, ta gaya wa kowa gashin gwiwa take zuwa, kuma ba wanda ya yi mamaki tunda duk sunan ɗaya ne. Ranar farko ta ga alamar nan mai kama da fanka a jikin ƙofar ɗakin, ta ji an ambaci radiyeshon, ta ce ko gawarta ba za ta shiga ba. Ya yi roƙo, ya yi kuka, ta ƙi. Sai ga shi a falonmu, ga ni da bajo a hannu ina wa'azi.

Ya saka shi a aljihu lokacin da na shiga kicin taimaka wa Mama. Hajiya ta cusa shi a ƙugu, ƙarƙashin zani, inda ma'aikatan ba sa dubawa. Kwana biyar a jere ta shiga injin hankalinta kwance, har tana yi wa nas wasa. Tun da ya dawo min da shi kuwa ta sake tirjewa, yau ta je gobe ta ƙi.

Na yi dariya, irin wadda kuka ne yayanta. Wato matar da ta ware min kofi ita ce ta yi mako guda da sunana da lambata a ƙugunta. Na so in zage shi tas, amma da wane bakin? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na nuna masa fom, na ce sa hannun Hajiya nake bukata kafin Litinin. Ya shafa kai ya ce sai dai in je da kaina, shi ba zai iya ba. Ban yi mamaki ba, mutumin da sana'arsa rufe taga ce.

Asabar da hantsi na shirya. Na sa doguwar riga ruwan toka mara ado, na yafa babban mayafi, ban shafa komai ba sai kwalli, don kar a ce Mai Bam ta zo yanga. Fom yana cikin jaka a cikin ambulan. Wannan karon ba a tsayar da ni a falo ba, har uwar ɗaki Mai Labule ya kai ni. Labule hawa uku a kowace taga, ɗakin da duhu da ƙamshin man zafi, kwalaben magani an tura su bayan madubi yadda mai shigowa ba zai gani ba. Hajiya tana kan gado an tokare ta da filo. Ta rame. Matar da na sani ta cika kujera mai cin mutum uku yanzu ko rabin gado ba ta ci ba. Duk jawabin da na haddace a hanya ya gudu ya bar ni.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta buga gefen katifa da tafin hannu, wai in zauna nan, kusa da ita. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ni ko na zo da abin, wato bajon. Ta ce tun da aka karɓe shi fatar wajen take yi mata zafi, ta yi baƙi, ga gajiya.

Jama'a, a nan ne na ga ƙofar wata ƙaryar a buɗe, mai faɗi, har da fitila.

"Hajiya, abin nan ba ya kare kowa. Ƙarya na yi wa Mama don ta daina kuka. Ƙirgawa kawai yake yi."

Ta tambaye ni, to mu me ke kare mu a wajen aikinmu. Na ce abu uku aka koya mana: kar ka daɗe, kar ka matsa kusa, ka sa bango tsakaninka da shi.

"To ni da ake kwantar da ni a ƙarƙashinsa, kowa ya gudu ya bar ni, wanne nake da shi a cikin ukun?"

Wallahi sai da idona ya cika. Na zaro ambulan ɗin, na juya bayansa, na fara zane. Na zana mata ciwon, na zana injin yana zagayawa, na nuna mata yadda ake auna wajen da alƙalami a fatarta don hasken ya taru a kan ciwon ya bar sauran jiki. Na ce mata mu muna guje masa ne don ba mu da abin da zai kashe mana, ita kuwa shi ne maganin. Da a ce bajon yana karewa da gaske, da maganinta ya tare. Zafin fatar da gajiyar kuma suna zuwa ne bayan an yi kwanaki, da bajo ko babu, ta gaya wa likitanta akwai abin da za a ba ta. Abin da ya kamata ta ji tsoro shi ne ranakun da take tsallakewa.

Tun da na fara karatun nan babu wanda ya taɓa saurarona kamar yadda matar nan ta yi. Ta yi tambaya ta fi goma, masu ma'ana, wasu ko a aji ba a yi su ba. A ƙarshe ta ce za ta koma ranar Litinin, kuma ba za ta sake tsallakewa ba. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yau dai karatuna ya yi rana. Ganin fuska ta saki, sai na buɗe ambulan na fito da fom, na yi mata bayanin kwamiti da wata huɗuna.

Ta sa na karanta mata shi tun daga sama. Da na zo wajen suna da lambar katin asibiti ta ɗaga hannu. Ta tambayi mutum nawa za su gani. Na ce biyar, sai sakatariya, sai wanda zai tabbatar a asibiti.

"Bakwai ke nan. Kowanne yana da mata ko miji." Ta gyara ɗankwalinta. "'Yar nan, ina da 'ya'ya mata biyu da ba su yi aure ba. Ranar da aka ji ciwon nan a gidan nan, za a ce gado ne, babu mai sake tako mana ƙofa. Ni na san abin da mutane ke faɗa a kan jikin mace, don ni ma na faɗa a kanki."

Na ce to ni fa, Hajiya.

Ta kamo hannuna, karo na farko tun da na san ta. Hannun da zafi, ba nauyi. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in rufa mata asiri Allah ya rufa min. Ta ce ta janye duk abin da ta taɓa faɗa, ta yarda da auren, a wata mai kamawa ma in ana so. Karatun kuma in bar shi ya tafi, me zan nema wanda ɗanta ba zai ba ni ba? Ta faɗe shi da taushi, kamar mai ba ni kyauta, kuma na san a zuciyarta kyautar ce.

Na waiwaya wajen Mai Labule. Yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Na jira ya ce wani abu, ko da tari ne. Bawan Allah ya ga wata ƙugiyar labule ta zame, ya miƙa hannu yana gyarawa. Shekara biyu ina cewa sanyin hali gare shi, ranar na gane wani sanyin na firji ne, ajiye abu kawai yake yi kar ya lalace. Na mayar da fom cikin jaka, na yi mata fatan sauƙi, na ce a bar ni in tafi a motar haya.

Ina shiga gida Mama ta tare ni da rawa. Hajiya ta riga ta kira. Wai ta sauko, wai ta ce lafiyata ta fi mata komai, in bar makarantar nan in huta, su sun karɓe ni ko da me na ɗauko a jikina. Mama har ta fara lissafa ƙawayen da za ta gaya wa, tana cewa ashe matar nan mutuniyar kirki ce, mu ne ba mu fahimce ta ba. Na ce sosai ma, Mama, samun irinta sai an tona. Ta shige ɗaki neman caja.

Baba yana bayan gida a kan benci, inda yake ajiye kayan aikinsa. Akwatin a buɗe, amma ba abin da yake gyarawa, wata 'yar guntuwar waya kawai yake lanƙwasawa yana miƙewa. Kofin shayin safe yana gefensa ba a taɓa ba. A kwana biyar wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya matsa min na zauna.

Ya ce ya ji abin da ake ciki. Ya ce in ina son yaron in aure shi, shi ba zai hana ba, tunda har sun yarda su ɗauke ni a haka. A haka, jama'a. Sai ya ajiye wayar, ya juyo, na ga idon Baba da ruwa, abin da ban gani ba ko ranar da ya faɗo daga turke.

"Ni na cika fom ɗin nan. Ke ba ki ce kina so ba, ni na so. Ina ta yawo ina cewa 'yata injiniya, ashe wuta na tura ki ciki. Ki yafe min."

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Mai Labule ne: "Don Allah kar ki gaya wa kowa. Ko Baba. Hajiya ta yarda da ke." Da jar zuciya guda ɗaya, saura biyun ko sun ƙare.

Na kalli saƙon, na tuna hannun nan mai zafi da 'yan mata biyu da ba su san komai ba. Na kalli mutumin da ke neman gafarata a kan laifin da bai yi ba, wanda in na yi shiru zai tafi kabarinsa da shi. Na kifa wayar a kan benci.

"Baba, ba abin da ya same ni. Ranar da bajon ya ɗauki adadin nan ba a jikina yake ba. A jikin wani yake, kuma na san ko waye."

Ya buɗe baki zai yi magana, amma ba muryarsa ce ta fito ba. Daga bayanmu ta zo. Mama ce tsaye a bakin ƙofar kicin, caja a hannu ɗaya, waya a ɗayan, Goggo tana kan layi.

"Jikin wa?"